Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ƙanena Da Allunan Jirginsa Ke Mutuwa A Sama

Assalamu alaikum ƙanena,

A zaman da muka yi ranar Asabar a nan Jos, ka tambaye ni a gaban jama'a abin da ke kashe allunan da ke nuna wa matuƙi bayanai a ƙaramin jirgi Cessna 172 a manhajar kwaikwayon tuƙin jirgin sama ta Microsoft Flight Simulator duk lokacin da ka tashi daga filin jirgin Yakubu Gowon da ke Heipang ka nufi Abuja, alhali injin yana aiki lafiya lau, har ka ce za ka goge manhajar ka sake sauke ta. Ka dakata tukuna, domin wajen gigabait 150 take buƙata, kuma ba sai na gaya maka tsadar data ba.

A ganina manhajar ba ta yi kuskure ba, jirgin gaske take kwaikwaya. Wannan jirgi yana da batir mai bolt 24 da altaneta, wato na'urar da ke yi wa batir caji idan injin yana aiki, mai ba da bolt 28, kuma babban makunninsa ja rabi biyu ne, ɗaya an rubuta BAT, ɗaya ALT. Idan ka kunna na batir kaɗai, komai zai haska kamar babu matsala, amma ajiya kake ci ba tare da caji ba, kamar mai inbata da aka ɗauke wa wuta, har batirin ya ƙare kana sama. Injin kuwa ba zai tsaya ba, saboda filoginsa daga maganeto biyu, ƙananan janareto da injin da kansa ke juyawa, suke samun tartsatsi, ba ruwansu da batir. Saboda haka da zarar injin ya tashi, ka dubi ma'aunin caji. Idan lambar tana ƙasa da sifili ko gargaɗin LOW VOLTS ya fito, altanetarka ba ta aiki.

Idan allon dama ne kaɗai ya yi duhu, makunnin AVIONICS, wato na na'urorin lantarkin jirgin, za ka duba, sannan fis-fis ɗin da ke ƙasa da sitiyari.

Abin da ya fi wahalar ganowa shi ne wanda ya taɓa cinye mini dare guda. Sitiyarin da na jona da kwamfuta yana da nasa makunnai, ɗaya kuma yana a kashe ban lura ba, sai ya zama ina kunna allon da linzamin kwamfuta, ya haska na daƙiƙa ɗaya, ya sake mutuwa, domin umarnin sitiyarin ne ke rinjaye. Ka shiga saitin maɓallai ka tabbatar ba a ɗora aiki ɗaya a kan maɓalli biyu ba.

In duk wannan bai yi ba, ka kwashe abin da ke cikin foldar Community, inda ake ajiye ƙarin kayan manhajar, zuwa wani wuri ka gwada, domin ƙarin jirage da aka sauke daga waje sukan saɓa da manhajar bayan an sabunta ta. Idan allunan suka dawo, sai ka riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya har ka kama mai laifin.

Ka gaida mutanen gida.

Yayanka,
daga Jos.