Wasiƙa daga Kelantan

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali, shirunmu ya yi tsawo, kuma gardamar nan da muka bari a zauren Malam ce ta sa na ɗauki alƙalami. Kai ka tsaya a kan cewa fatake ne suka musuluntar da mutanen Malay, ni kuwa zaman da nake yi a nan Kelantan, wata jiha a ƙasar Malesiya, ya ƙara mini yaƙinin cewa aikin malamai ne.

Ba na musun rawar fatake. Larabawa da mutanen Gujarat ta Indiya sun zo a jiragen ruwa da addininsu, kuma kabarin Malikus Salih, Sarkin Pasai da ke tsibirin Sumatra, wanda ya rasu a 1297, shaida ne cewa sarakuna sun karɓa da wuri. Sai dai falke yana sayar da hajarsa ne ya jira iska ta juya ya koma gida, wanda kuwa ya zauna ya koya wa manomi da masunci alwala da salla da hukuncin aure da gado, malami ne.

Bayan Turawan Fotugal sun ƙwace birnin Malaka a 1511, daular Aceh da ke arewacin Sumatra ta zama matattarar ilimi. A can Nuruddin ar-Raniri ya rubuta Siraɗul Mustaƙim, littafin fiƙihun Shafi'iyya da harshen Malay, ko da yake tsananin da ya yi wa mabiya malamin Sufaye Hamza Fansuri, har aka ƙona littattafansu, yana damuna ƙwarai. Zuciyata ta fi karkata ga Abdurra'uf as-Singkili, wanda ya shekara 19 yana neman ilimi a ƙasar Larabawa, ya zauna gaban Ahmad al-Ƙushashi da Ibrahim al-Kurani a Madina, ya dawo bai kafirta kowa ba, ya rubuta Tarjumanul Mustafid, cikakken tafsirin Alƙur'ani na farko da harshen Malay, kafin rasuwarsa a 1693. Duk wannan da baƙaƙen Larabci aka rubuta shi, rubutun da suke kira Jawi, kamar yadda Nana Asma'u da malaman zamaninta suka isar da addini ga talakawa da Ajami.

A nan Kelantan har yau akwai makarantun pondok, inda almajirai ke gina ƙananan ɗakuna kewaye da gidan malami. Tok Kenali, wanda ya yi karatu a Makka ya rasu a 1933, ya yaye malamai da dama da suka buɗe nasu makarantun, kuma har yanzu ana biya littattafan Shaihu Dawud al-Faɗani a cikinsu, dattawa da yara a zaune tare bayan Magariba.

Ina roƙonka ka karanta wa Malam wannan wasiƙa, ka rubuto mini abin da ya ce, musamman a kan maganar Raniri. Ka gaida Hajiya da yara.

Wassalam,
Naka amininka