Wasiƙa zuwa Toronto: kada ka biya kuɗin gidan nan tukuna

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Wata shida ko "ina kwana" babu, sai jiya da tsakar dare ga hotuna goma sha biyu sun faɗo mini, wai ka ga gidan gungume a Muskoka, yankin tafkunan da ke arewa da Toronto, bakin tafki, za ku riƙa zuwa hutun sanyi. Kai da kake sa rigar sanyi biyu da hular kunne a hunturun Zariya! To, Allah ya sanya alheri.

Gidan ya yi kyau, kuma na san abin da ya ja ka. Bangon gungume yana shan zafin murhu ya riƙe, ya riƙa sakinsa a hankali cikin dare, kamar yadda soron ƙasa na Kaka yake yi. Ga ƙamshin ƙaro, ga shiru. Ginin kuma yana daɗewa idan an kula da shi: can ƙasar Finlan akwai cocin Petäjävesi da aka gina da gungume tsakanin 1763 da 1765, har yau yana tsaye. Amma ka sani, gungume mai kaurin santimita 20 bai kai bangon zamani da aka cusa wa audugar tare sanyi ba. Kuma idan kuka isa daren Juma'a gidan ya kwana biyar a daskare, sai wuta ta ci kusan yini kafin bangon ya ɗau ɗumi. Ka faɗa wa uwargida tun yanzu, kada ta ce an yaudare ta.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne hoto na bakwai. Dusar ƙanƙara ta taru har ta rufe gungumen ƙasa, bakin rufin kuma gajere ne. Ruwa ne ke kashe irin wannan gini. Itace yana fara shiga haɗarin ruɓewa idan danshinsa ya daɗe sama da kashi 20 cikin ɗari, kuma daga ciki yake ruɓewa, waje yana sheƙi da fenti. Gungumen farko ya kamata ya ɗaga daga ƙasa aƙalla santimita 40 a kan dutse ko kankare, bakin rufi kuma ya zarce bango da santimita 60 ko fiye. Idan za ka koma, ka tafi da shebur da guduma da sukudireba. Ka kwashe ƙanƙarar, ka bi gungume biyu na ƙasa kana bugawa. Mai lafiya yana amsawa da ƙarfi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji kamar ganga. Inda ka yi shakka ka soka sukudireba. In ta nutse ba da wahala ba, an gama. Ka fi tsanantawa a kusurwoyi inda kawunan gungume suka leƙo waje, da ƙarƙashin tagogi, da inda dandamalin waje ya haɗu da bango. In ka ga garin katako a gindin bango, manyan baƙaƙen tururuwan nan ne. Ba cin itacen suke ba, gida suke haƙawa a inda ya jiƙe, wato sun nuna maka wurin da ruwa ke shiga. Sauya gungumen ƙasa aiki ne na ɗaga gida da jak, don haka kuɗinsa daga farashin gidan ya kamata a cire.

Tsagar da kake gani a jikin gungume ba aibi ba ce, haka itace yake yi in ya bushe. Wadda ta buɗe baki sama ce matsala, don ita ke tara ruwan sama. In ta kai faɗin milimita 6, a cusa mata igiyar soso a toshe da abin liƙi mai talewa. Haka ma tsakanin gungume da gungume. Mutanen zamanin da gansakuka suke cusawa. Kada ka yarda wani ya shafa maka siminti, tsagewa yake ya riƙe ruwa a bayansa.

Af, ka ji ɗan autanku ya kai kuɗin gaisuwa? Gidan da muka daɗe muna zargi ne. Kawu kuma ya rantse shi zai yi walicci, alhali har yanzu bai biya bashin ragon nan ba. Yaya ta ce kai ma ka sani, shi ya sa ka yi shiru.

Mu koma. Ka ce mai gidan ya ƙara ɗaki shekara biyu da suka wuce. Ka tambaye shi ko ɗanyen gungume aka sa ko busasshe. Bangon ɗanyen gungume yana iya sauka har kashi 6 cikin ɗari na tsayinsa kafin ya zauna, wato bango mai mita biyu da rabi ya rage santimita 15, kuma yakan ɗauki shekara uku zuwa biyar. Shi ya sa ake barin sarari a saman ƙofa da taga, a rufe shi da allo, kuma ba a kafe firam da ƙusa kai tsaye a gungume. Ana sassaƙa masa hanya ne don bangon ya zame ƙasa ba tare da ya danne shi ba. Ginshiƙan baranda kuma ana ɗora su kan jak mai zare, a riƙa sassautawa kaɗan-kaɗan. Ka buɗe kowace ƙofa ta sabon ɗakin. Wadda ta cije daga sama ta gaya maka ba a bar sararin ba.

Sai murhu, kuma a nan ba wasa nake ba. Ka san yadda kaskon gawayi a rufaffen ɗaki yake ɗauke iyali guda a hunturu. Iskar guda ce, wadda ake kira carbon monoxide, ba wari ba launi. Tun 2014 dokar lardinku na Ontario ta wajabta na'urar ƙararrawar wannan iska kusa da ɗakunan kwana a gidan da ake ƙona makamashi. Ka sayi sabuwa, kada ka dogara da ta jikin bango. Kada a rufe makullin bututun hayaƙi sai garwashi ya mutu murus. Ka nemi a yi wa murhun binciken WETT, wato duba lafiyar murhun itace da ƙwararru masu takardar shaida ke yi, kafin ciniki, don masu inshora sukan nema. Bututun ya zarce rufi da santimita 90, ya kuma fi duk abin da ke cikin mita 3 da shi tsawo da santimita 60. A share shi duk shekara. Jiƙaƙƙen itace ne ke tara baƙin kwalta a ciki, ita ce ke kamawa da wuta, saboda haka ka sayi itacen da aka faskara ya shekara yana bushewa, irin mai nauyi kamar wanda ganyensa ke jikin tutarsu.

Ranar komawa gari kuma ka kashe famfo daga tushe, ka buɗe kowane kai ruwan ya tsiyaye, ka zuba maganin hana daskarewa marar guba a masai da magudanan wanka. Ruwa yana ƙara girma kashi 9 cikin ɗari in ya daskare, bututu ba ya jurewa. Ka tambaya kuma wa ke share hanyar shiga a Janairu, don wasu hanyoyin can na masu gidaje ne, hukuma ba ta bi.

Ka aiko mini da hoton kusurwar arewa bayan ka kwashe ƙanƙarar, da na bayan murhun inda farantin bayanai yake. Akwai wata tambaya da ka yi a ƙarshen saƙonka, ta launin fenti ce ko ta labule? Ka sake turowa. Ka gaida uwargida, ka ce wa babban ɗana har yanzu ina jiran karatun da ya yi mini alkawari. Buta kuma ka riƙa kwana da ita kusa da murhu, na san halinka da alwalar asuba.

Ka huta lafiya.
Naka,
abokinka na Tudun Wada