Kafin a sayi harsashi mai nauyi, a leƙa cikin bututun bindigar

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahoton da kuka buga kan maharban Amurka masu rage ƙananan dabbobin da ke ɓarna a gonaki da wuraren kiwo, kuma na ji daɗinsa, don ba kasafai jaridunmu ke leƙa wannan ɓangare ba. Sai dai jimla ɗaya ta tsaya mini a rai, inda marubucin ya ce idan maharbi yana son samun abu daga nesa, sai kawai ya sayi harsashi mafi nauyi. Wanda ya bi wannan shawara ido rufe zai zubar da kuɗinsa, ko ya raunata dabba ya bar ta tana wahala. Ina zaune a yammacin jihar Dakota ta Kudu, ina aiki a wurin kiwon shanu, kuma irin wannan harbi yana cikin hidimar da muke yi, shi ya sa na ce bari in sa baki.

Dabbobi biyu muka fi fama da su. Akwai wani dangin kurege da ke zama garke-garke yana haƙa ramuka a makiyaya yana cinye ciyawa, nauyinsa bai wuce kilo ɗaya da ɗan wani abu ba. Sai kuma koyoti, ɗan'uwan dila, mai ɗaukar 'yan raguna, wani lokaci har da maruƙan da aka haifa da sanyi. Duka biyun ba sa bari a matso su, a fili fetal kuma suke, inda iska ba ta hutawa. Harbin yadi 200 zuwa 300 abu ne na yau da kullum, kuma abin da ake auna wa bai fi tafin hannu ba.

Bindigar toka da maharbanmu na gida suka saba da ita, cikin bututunta sumul yake. Ta raifal ba haka take ba: an tsaga cikinta da layuka masu murɗewa tun daga gindi har baki, su ne ke kama harsashi su juya shi kafin ya fita. Dogon harsashi mai tsini ba ya tafiya da kansa a gaba sai yana juyawa, kamar yadda katantanwar yara take tsayawa cak muddin tana wulwulawa, da ta rage gudu sai ta fara tangaɗi ta faɗi. Ana rubuta ƙarfin murɗin da lamba. Idan aka ce 1:12, harsashi zai yi juyi ɗaya cikin inci 12, wajen santimita 30 ke nan. Idan 1:7 ne, cikin inci 7 zai kammala juyin. Ƙaramar lamba ita ce murɗi mai tsanani.

Abin da marubucinku ya tsallake shi ne, kowane murɗi yana da iyakar tsawon harsashin da zai iya riƙewa. Na ce tsawo, ban ce nauyi ba. Ana yawan maganar nauyi ne saboda shi ake bugawa a jikin kwali, kuma tunda faɗin bututu ba ya canzawa, ƙarin nauyi a tsawo yake fita. Tun a 1879 wani malamin lissafi na Ingila, Alfred George Greenhill, ya fitar da ƙa'idar auna wannan, kuma faɗi da tsawon harsashi ne ginshiƙanta. A 2005 Don Miller ya kawo wata da ta fi dacewa da harsasan zamani, wadda ta sa gudu da yanayin iska cikin lissafi. A ma'auninsa, abin da ya gaza 1 ba zai tafi daidai ba, kuma masu harbin nesa sun fi son su ga 1.5.

Da giren ake auna nauyin harsashi a nan, giram ɗaya kuwa giren 15 ne da 'yan kai. A bindiga mai cin nau'in harsashin da ake kira .223 Remington, wadda makiyaya ke yawan amfani da ita, abin da aka sani shi ne murɗin 1:12 yana riƙe giren 40 zuwa 55 lafiya lau, 1:9 yana kaiwa wajen 69, sai 1:8 da 1:7 masu ɗaukar 75 da 77. Tsofaffin bindigogin wannan aiki kuwa, irin su .222 Remington ta 1950 da .220 Swift ta 1935 da .22-250, yawancinsu da 1:14 aka ƙera su, don ƙananan harsasai masu gudun tsiya aka yi su.

Maƙwabcinmu yana da .22-250 da ya gada, mai 1:14. Ya gaji da yadda iska ke kwashe masa harsashin giren 50, sai ya sayo na giren 69, irin shawarar da ke cikin rahotonku. Muka kafa takarda a yadi 100. Da muka je dubawa, maimakon ƙananan huji zagayayyu, sai muka tarar da tsaga doguwa mai siffar harsashin a kwance, har ana gane inda tsinin ya bi da inda gindin ya bi. Wani ya faɗa can gefen takardar, wani ko allon bai taɓa ba. Ya daɗe yana jujjuya kwalin a hannunsa yana zargin madubin bindigar. Da ya mayar da na giren 50, duk suka taru wuri guda, tsabar kuɗi ɗaya za ta rufe su. Bindigar lafiyarta ƙalau, harsashin ma mai kyau ne, aurensu ne bai yiwu ba.

Ba makiyayi kaɗai wannan ya taɓa kayarwa ba. A 1955 kamfanoni biyu suka fito da harsasai masu faɗi ɗaya, milimita 6. Winchester ya sa wa .243 ɗinsa murɗin 1:10, wanda ke riƙe giren 100, don haka mutum zai harbi koyoti da ita yau, gobe ya tafi farautar barewa. Remington ya ɗauki .244 ɗinsa a matsayin ta ƙananan dabbobi, ya ba ta 1:12 da harsasan giren 75 da 90. Kasuwa ta bi Winchester. Sai a 1963 Remington ya sake mata suna 6mm Remington, da murɗin 1:9 da harsashin giren 100, amma a lokacin .243 ta riga ta yi nisa. Inci biyu na murɗi ne suka raba su.

To sai wani ya ce a sayi mai murɗi mafi tsanani a huta. Kasuwa ma can ta karkata yanzu, sababbin .223 da yawa da 1:8 ko 1:7 suke zuwa. Ni ban yarda cewa wannan ya dace da kowa ba. Harsashin ƙananan dabbobi an yi masa ɓawo siriri da gangan, don ya tarwatse da zarar ya taɓa abu, dabbar ta mutu nan take, kuma kada ya daki ƙasa ya yi tsalle zuwa inda shanu suke. Lissafin juyinsa mai sauƙi ne: a ninka gudunsa na ƙafa a daƙiƙa da 720, a raba da lambar murɗi. Harsashi mai gudun ƙafa 4,000 a daƙiƙa cikin 1:14 yana juyi kusan 206,000 a minti ɗaya. A saka shi cikin 1:8, ya zama 360,000. Ba kowane siririn ɓawo ke jure wannan ba, musamman idan bututu ya yi zafi ko cikinsa ya fara kaushi. Na ga hakan da idona a hannun wani baƙo da ya zo harbi: ƙara ta tashi, sai wani ɗan hayaƙi toka-toka ya bayyana a iska ƙasa da rabin hanya, kuregen yana zaune a bakin raminsa yana ci gaba da kiwo. Gaskiya ne yawancin harsasan zamani a .223 suna jure 1:8, don gudunta bai kai can ba. A .22-250 da .220 Swift ne ake taka-tsantsan.

Sanyi ma yana da nasa. Iska mai sanyi ta fi kauri, harsashin da ke tafiya daidai da ƙyar a watan Yuli zai iya fara tangaɗi a Janairu, lokacin da ake bin koyoti saboda fatarsa. Ko sojojin Amurka sun gamu da wannan a farkon shekarun 1960, da gwajin yankin ƙanƙara ya sa suka mayar da murɗin bindigarsu ta M16 daga 1:14 zuwa 1:12. Sannan ga harsasan da babu dalma a cikinsu, waɗanda jihar Kalifoniya ta wajabta wa duk mai farauta tun Yulin 2019. Tagullar da ake yin yawancinsu da ita ba ta kai dalma nauyi ba, saboda haka harsashinta na giren 50 ya fi na dalma tsawo, kuma tsohuwar 1:14 na iya ƙin sa duk da lambar da ke jikin kwalin iri ɗaya ce.

Wanda bai san murɗin bindigarsa ba, ba sai ya je wurin maƙeri ba. A tabbatar babu harsashi a ciki, a naɗa tsumma mai matsewa a kan sandar goge bututu, a manna 'yar tutar salatif a jikin sandar, a tura a hankali. Inda tutar ta kammala zagaye ɗaya, a auna inci nawa sandar ta shiga. Lambar ke nan.

Tawa .223 ce mai 1:12, giren 50 nake ba ta, kuma har yadi 300 ban ga abin da zai sa in canza ba. Da koyoti zan riƙa bi a nesa mai yawa cikin iskar hunturu, da na nemi 1:8 da dogon harsashi. Ina roƙon ku gyara wannan jimla a fitowa ta gaba, ko ku buga wannan wasiƙa a madadin gyaran.

Wassalam,
Mai karanta ku daga kusa da Rapid City, Dakota ta Kudu, Amurka