Tallar lojisiyel da Faransanci, wa ake yi ma ita?

Malam Edita, assalamu alaikum, da fatan kana lahiya kai da ma'aikatanka. Ka ɗan ba ni hili in yi magana da masu kamfanonin lojisiyel, wato manhajar kwamfuta ta lissahin kasuwanci, da ke neman masu saye a nan Yamai.

Ni kwantabul ne, ina riƙe ma wasu alhazzai na kasuwannin Katako da Wadata lissahi. Kwanaki wani kamfani, ba sai na kama suna ba, ya kakkafa manyan pano a bakin gudron, komai da Faransanci, da hoton wani matashi da kwat da karabat yana ta murmushi gaban kwamfuta. Mun wuce a mota na nuna ma Alhajin da nike ma aiki, ya ce wallahi shi duk tsammani nai tallar wata lekkol ce. To ka ji inda kuɗi sunka tahi.

Kuma ba wai babu buƙata ba ne. Tun 2021 da ma'aikatar impo ta shigo da faktir sartifiye, wato takardar ciniki mai shaidar impo, ga TVA, harajin da ake ɗora ma kuɗin kaya, 19 cikin 100 da sai ka lissafa, kaye da biro sun hwara kasawa, mutane na neman mahita. Sai dai masu tallar sun manta mutum biyu ne a shago, wanda zai taɓa na'urar daban, wanda zai hiddo kuɗin daban. Yaron shago ko ɗan Alhaji da ya yi lekkol shi zaka samu a Facebook da TikTok, shi ka nuna ma ɗan gajeren bidiyo yadda ake shigar da buhu nawa ya shigo magaza, nawa ya hita. Alhaji kuwa rediyo ce tashi, Anfani ko Saraounia ko Muryar Sahel, da Hausa da Zabarmanci, kuma kar ka ce mishi "dijital", ka ce mishi zai san wa yake bi bashi da abin da ya rage a magaza ko yana Kano ko yana Dubai. Hausa fa tun Maris 2025 ita ce harshen ƙasa, amma masu talla kamar basu ji ba. LinkedIn a bar ma daraktocin banki da na ONG.

Daga rediyo sai WhatsApp, kuma bokal, wato saƙon murya, don dogon rubutu ba mai karanta shi a cikin hayaniyar kasuwa. Amma duk waɗannan sallama ce kawai, ciniki baya faɗawa sai mutum ya tako ƙahwa ya zauna kan benci an sha shayi, ya ɗauki kayen Alhaji na jiya ya shigar a gabanshi. A nan ne tambayoyin gaskiya ke hitowa, in an ɗauke kuran fa, in babu rezo fa, zan iya biya ta Nita ko Amana, in ta lalace wa zan kira, sannan babbar da baya faɗi da ƙarhi, shin mutanen impo zasu riƙa ganin lissahina duka? Duk tallar da bata shirya amsar wannan ba ta yi asarar jikkunanta.

Kuma don Allah magana ta zama guda, kar rediyo ta ce wata ɗaya kyauta a je biron kamfanin a ce basu san zancen ba. Kowace hanya a sa mata lambar waya tata, rediyo daban Facebook daban, in wata ya ƙare a duba wace waya ta hi ƙara, sai a cire kuɗin pano a zuba can.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara ma jarida albarka.

Naka, wani kwantabul daga unguwar Bukoki, Yamai.