Roƙon Tallafi: A Taimaka Mu Kai Malam Ladan Awon Jijiyoyin Zuciya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Daga kwamitin masallacinmu da makarantar allon da ke jikinsa, nan unguwar Zariya ta Maraɗi, zuwa ga iyayenmu, malamanmu, Alhazan gari, da ƴan'uwa da ke Yamai, Damagaram, Katsina, Kano, Kwatano da duk inda neman abinci ya kai su.

Duk mai sallar Asuba tare da mu ya san wata uku ke nan muryar da ke tashinsa ba ta Malam Ladan ba ce. Ɗaya daga cikin gardawansa ne ke riƙe da lasifika. Da yawa sun tambaya, wasu kuma kunya ta hana su. To, Malam ba shi da lafiya, kuma ciwon na zuciya ne. Da izininsa da na iyalinsa muke wannan rubutu, ko da yake sai da Liman ya yi masa magana sau biyu kafin ya amince.

Abin ya daɗe yana cinsa ba mu farga ba. Tsakanin gidansa da masallaci babu wata tafiya, amma tun bara ya tsiri tsayawa a gindin bedin nan na kusa da teburin mai shayi, wai gaisawa yake yi. Mai shayin ne ya fara lura cewa gaisuwar da hannu ɗaya ake yin ta, ɗayan yana shimfiɗe a ƙirji. Idan an tambaye shi sai ya ce gyambon ciki ne, ya koma gida a jiƙa masa kanwa. Rannan a kiran Azahar yana kaiwa "hayya alas sala" numfashi ya yanke. Da muka shiga mun tarar da shi zaune dafe da bango, zufa ta jiƙa rigarsa sharkaf kamar wanda ruwan Agusta ya doka.

Daga likitar nan gari aka tura mu Yamai, tafiyar fiye da kilomita 600. Can aka ɗauki hoton jijiyoyin zuciyarsa, irin wanda ake zura siririn bututu ta jijiyar wuyan hannu a fesa wani ruwa da ke bayyana a na'ura. Manyan jijiyoyi uku ne ke shayar da tsokar zuciya jini: ɗaya ta sauko ta gaba, ɗaya ta kewaya ta hagu zuwa baya, ɗaya kuma ta dama. Hoton Malam ya nuna matsewa a dukansu ukun. Ga shi kuma yana da ciwon suga da hawan jini, waɗanda ke cikin manyan masu sa kitse ya taru a bangon jijiya har ta tsuke.

Likitan zuciyar ya ba mu takardar zuwa wani asibiti a Tunis, babban birnin ƙasar Tunisiya. Abu na farko da ya rubuta a kai ba tiyata ba ne, awo ne: a auna yawan jinin da ke wucewa ta kowace matsewa kafin a yanke shawarar abin da za a yi. A nan ne gardama ta tashi a zaman kwamiti, kuma mun san za ta tashi a zukatan masu bayarwa, shi ya sa muka ga gara mu yi bayani tun yanzu.

Wani dattijo daga cikinmu ya ce, "Ni fa ban gane ba. An ga toshewa uku da ido, a buɗe uku mana. Kuɗin awo kuma na mene ne?" Ni mai wannan rubutu ba zan ɓoye ba, ra'ayina ke nan a ranar. Wanda ya warware mana ba likita ba ne, wani ɗan kwamiti ne mai noman rani a Jiratawa. Ya ce, "Alhaji, sau nawa na ga hanyar ruwa ta cushe da ciyawa, in ka dube ta ka ce ɗigo ba zai wuce ba, amma ka je ƙarshen fangali ka tarar albasa ta sha ta ƙoshi. Wata hanyar kuma ga ta fes a ido, ruwan bai kai ba. Ba a bakin hanya ake sanin gaskiya ba, sai a fangalin ƙarshe." Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan sha'ani kimar ido ba ta isa ba, sai an kawo mudun.

Mudun kuwa shi ne abin da likitoci ke kira FFR. Wani ɗan unguwa ma'aikacin jinya ya zauna da mu bayan Isha'i ya fayyace mana shi dalla-dalla. Ana zura wata waya mai laushi, kaurinta bai kai rabin milimita ba, ta cikin bututun nan na wuyan hannu. Kusa da bakinta akwai ɗan abin da ke jin ƙarfin bugun jini. Sai a tura ta ta wuce wurin da ya tsuke, a ba maras lafiya wani magani mai suna adenosin da ke buɗe ƙananan jijiyoyi gaba ɗaya, kamar mutum ya sha gudu alhali yana kwance. Daga nan a gwada ƙarfin jini a bayan matsewar da ƙarfinsa a gabanta. Jijiya lafiyayya tana ba da 1. Idan lamba ta sauko 0.80 ko ƙasa, wato abin da ke isa bai wuce kashi 80 cikin 100 na abin da ya kamata ba, to wannan matsewar tana sa zuciya yunwa, a gyara ta. Idan ta haura haka, a bar ta da magani. Mutum yana farke ake yi, sai dai maganin yakan sa ya ji ƙirji ya ɗaure na ɗan lokaci.

Ba sabon abu ba ne da za a gwada a kan Malam. Likitoci biyu, Nico Pijls na ƙasar Holan da Bernard De Bruyne na Beljiyam, su suka kafa wannan hanya tun shekarun 1990. A 2009 aka fitar da sakamakon wani bincike mai suna FAME, kan mutum 1,005 masu matsewa a jijiya fiye da ɗaya, a asibitocin Turai da Amurka. An raba su gida biyu. Gida na farko aka bi hoto kawai, duk inda ido ya ga tsukewa aka sa siten, wato ƴar ragar ƙarfen nan da ke tokare jijiya ta zauna a buɗe. Gida na biyu sai da aka auna. Waɗanda aka auna an sa musu ƙarfe kaɗan, kusan 2 ga kowane mutum maimakon kusan 3, amma duk da haka su suka fi samun lafiya. Bayan shekara guda, waɗanda suka rasu ko suka sami bugun zuciya ko aka sake yi musu aiki sun kai 18.3 cikin 100 a gidan hoto, 13.2 a gidan awo.

Abin da ya fi taɓa mu a cikin binciken shi ne wannan: daga cikin mutanen da hoto ya nuna jijiyoyinsu uku duk sun tsuke, kamar Malam, kashi 14 cikin 100 ne kawai awo ya tabbatar duka ukun na hana jini. Sauran biyu ne, ko ɗaya, wasu ma babu ko ɗaya. Kuma lambar ba ta tsaya ga faɗin yau ba, tana haska gobe. A bincike na biyu da ya fito a 2012, masu ƙaramar lamba da aka bari da magani kaɗai sun riƙa komawa asibiti cikin gaggawa fiye da waɗanda aka buɗe wa jijiya, har aka dakatar da ɗaukar sababbin mutane kafin lokaci.

Kada wani ya ɗauka muna yi masa alkawarin cewa awo zai raba Malam da wuƙa. Ba mu da wannan iko, kuma amana ta hana mu faɗin rabin magana. A 2021 bincike na uku, kan mutum 1,500 masu ciwon jijiya uku, ya gwada siten da aka sa bisa awo da tiyatar buɗe ƙirji, wadda ake ɗauko jijiya daga ƙafa ko daga cikin ƙirji a yi wa jini hanyar ratse. A shekarar farko tiyatar ce ta yi gaba: 6.9 cikin 100 suka sami matsala, a ɗaya gefen 10.6. Ga masu ciwon suga kuwa, likitoci sun daɗe suna karkata ga tiyatar idan jijiyoyi da yawa ne suka kamu. Saboda haka yana yiwuwa a auna a ce ƙarfe ɗaya ya wadatar, yana yiwuwa kuma a ce sai an buɗe ƙirji. Hukuncin na likitocinsa ne. Namu shi ne mu kai shi inda za a yanke shi da mudu, kuma mu tafi da abin da zai isa ko da mai tsadar ce ta faɗo, don kada a tsaya da dattijo a ƙasar mutane ana jiran kuɗi.

Takardar ƙiyasin kuɗin da asibitin ya aiko tana manne a allon sanarwa na ƙofar gabas, tare da lissafin jirgi, masauki da magani na mutum biyu, shi da babban ɗansa. Kowa na iya zuwa ya karanta. Abin da muka tara zuwa yanzu bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba. A ciki akwai kuɗin tumaki biyu da iyalinsa suka sayar, akwai adashen matan Islamiyyar dare da suka ba da kwasar wata guda cur, akwai kuma wata leda da almajiransa suka kawo, cike da dala-dala da ƴan ashirin-ashirin, da ma'aji ya ƙirga yana share ido.

Mutumin nan shekara talatin da ɗoriya yana kiran salla ba albashi. Da wuya a sami gida a layinmu da babu wanda ya wanke allo a gabansa, har da wasunku da yanzu ke da shaguna a babbar kasuwa da motoci a hanyar Ɗan Isa. Liman ya ce a sanar cewa Malam yana cikin waɗanda zakka ta halatta a ba su, don haka wanda ke da ita a ajiye yana iya sa ta nan, ya dai faɗa wa ma'aji don a ware ta a miƙa wa Malam hannu da hannu.

Na cikin gari su ga ma'aji bayan kowace salla. Jika ɗaya, jika goma, tiyar gero ko gyaɗa da za mu sayar, duk muna karɓa, kuma kowa zai tafi da takardar shaida. Na nesa su aiko ta NITA ko Amana da sunan ma'aji kamar yadda yake a allo. A sa wani ɗan'uwa na gida ya duba ya tabbatar kafin a tura. Ba mu wakilta kowa ya bi gidaje ko ya kira waya da sunanmu ba. Kowace Juma'a za a karanta abin da ya shigo, ban da sunan wanda ya ce a sakaya shi. In wani abu ya saura bayan an dawo, zai tafi kan maganin da Malam zai riƙa sha kullum, don mai siten ba ya wasa da ƙwayoyin hana daskarewar jini.

Masu zuwa dubiya kuma, don Allah a taƙaita zama, kuma a daina kai masa jiƙe-jiƙe. Likita ya hana shi ɗaga murya da hawan tudu, amma jiya da Magariba ɗansa ya kama shi a bakin zaure yana gyara wa gardin nan maddar da ya ja fiye da kima.

Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya ba Malam lafiya.

Magatakarda, a madadin kwamitin masallaci.