Rahoton Ayyukan Shekara: Shirin Koyar da Fizis a Aikace ga Matasa

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi.

A taron bara kun umarci kwamiti ya ɗauki darasi guda ya tsaya a kansa har ya zauna wa yara. Muka zaɓi liba, wato sandar da ke juyawa a kan wani abin tokare da ake kira madogara, da ƙarfin juyinta, domin darasin yana yawan fitowa a jarrabawar aiki ta WAEC da NECO, kuma ɗalibanmu da dama sai a ɗakin jarrabawa suke fara ɗora rula a kan madogara. Da 'yan SS1 da SS2 muka yi aikin, ranakun Asabar, a azuzuwan da makarantu suka ara mana.

Kayan aiki ba su ci kuɗi ba: rula mai mita ɗaya, guntun katako da kafinta ya fere mana a matsayin madogara, zare, sai ledar fiya wata, tunda santilita 50 na ruwa rabin kilo ne. Da farko yaro zai nemo inda rular ke tsayawa ita kaɗai, kusa da lamba 50. Daga nan ya rataya giram 100 a nisan santimita 20 daga madogara, a ba shi giram 50 a ce ya daidaita. Zai yi ta matsar da zaren har ya kai santimita 40 a ɗaya ɓangaren. Sai ya gani da idonsa kafin mu rubuta a allo cewa ƙarfi sau nisa na hagu daidai yake da na dama, ƙa'idar da masanin lissafi Arkimidis, Bagirke ɗan birnin Sirakus, ya tabbatar tun ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa.

Nan ne muka gano inda gizo ke saƙa. Yawancinsu sun haddace ƙa'idar, amma lambar da ke jikin rula suke kwafa a matsayin nisa, maimakon su auna daga madogara. Yaro zai rataya nauyi a lamba 30 ya rubuta 30, alhali nisan 20 ne. A ganina wannan kaɗai ya isa dalilin shirin, domin bayanin baki bai taɓa gyara shi ba, amma da rular ta ƙi tsayuwa sai su kama kansu.

A zango na biyu mun fita waje. Mun ɗora buhun siminti mai kilo 50, wajen niyuton 500 a ma'aunin ƙarfi, a baro. Buhun yana santimita 30 daga tsakiyar taya, hannu yana 120, don haka idan aka cire nauyin baron kansa, kashi ɗaya cikin huɗu kawai mai turawa ke ɗagawa. Da muka jawo buhun kusa da hannu, wata ɗaliba da ta ɗaga shi ɗazu ta kasa. Wani mai faci ya nuna musu yadda yake zura bututu a sifana idan noti ya ƙi kwancewa, wani dattijo ɗan lambu kuma ya bar su suka ja ruwa da jigonsa, suka ga aikin curin yumɓun da ke gindin sandar. Jigo yana ƙarewa saboda injin ban-ruwa, ya kamata a kai yara su gan shi tun yana nan. Almakashi, mabuɗin kwalba da hantsaki kuwa a aji muka rarraba su cikin gidajen liba guda uku.

Matsaloli biyu ne. Damina ta rage zuwan yara, 'yan mata kuma sun yi ƙaranci, sai da malamai mata suka shiga gidaje suka yi magana da iyaye abin ya ɗan gyaru. Bayanin kuɗi yana hannun ma'aji, zai karanto shi a taro.

Baɗi, in Allah ya kai mu, kwamiti na neman izininku ya shiga darasin kura da igiya, wato gargaren da ake ɗaga kaya da shi. Muna buƙatar ƙarin rula da sikelin ratayawa, da mambobi mata da za su ɗauki aji. Mai niyya ya ba sakatare sunansa kafin a tashi.

Sakatare, a madadin kwamiti