Ban zuba wa wakenka fiya-fiya ba

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya aiki, ya zaman Fatakwal? Mu nan Bauchi hunturu ya sauka da ƙarfinsa, da asuba ba mai farin ciki sai masu shayi da masu sayar da rigunan sanyi na gwanjo. Mutanen gidanka duk lafiya. Jiya na leƙa, Inna tana gaishe ka, ta ce kiran waya ba ya maye gurbin zuwa.

Kuɗin da ka turo sun iso. Na shiga kasuwar Muda Lawal na sayo wake buhu biyu, masara uku da gyaɗa rabin buhu, an kai gida. Sai dai na saɓa maka a abu ɗaya, kuma gara ka ji daga bakina: ban yayyafa wa waken fiya-fiya ba kamar yadda ka ce. Na san haka muka ga ana yi, amma maganin nan guba ne da aka yi don feshi, ba don abin da za a ci ba, kuma wanki ba ya fitar da shi duka. Ka tuna a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya ƙasashenta saboda ragowar irin wannan maganin. Abin da wasu suka ƙi ci, ban ga dalilin da za a yi wa 'ya'yanka alala da shi ba.

Abin da na yi shi ne, na sayo buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro. Za ka zuba wake, ka matse iska, ka ɗaure kowace leda daban. Ƙwarin da ke ciki sai su shanye 'yar iskar da ta rage su mutu da kansu. Sharaɗi biyu ne: kada leda ta huje, kuma kada a riƙa buɗewa kullum. Don haka na ce wa uwargidanka ta ɗebi na wata guda ta cika jarka mai murfi, sauran a manta da shi. Kafin mu ɗaure sai da muka tabbatar ya bushe. Wani dattijo mai awo ya koya mini dabara: ka zuba hatsi da busasshen gishiri a kwalba, ka girgiza, ka bar shi ɗan lokaci. In gishiri ya manne a jikin kwalbar, da sauran laima, a mayar da shi rana.

Gyaɗar ma mun tsince ta. Duk wadda ta yi fumfuna ko ta yamutse mun zubar, duk da Inna ta so a yi ƙuli-ƙuli da ita don kada a yi asara. Gubar da ke cikin fumfunar hanta take ci a hankali, kuma wuta ba ta kashe ta, ko an soya ko an dama kunu.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, ɓeraye. Da na shiga ɗakin ajiyarku na tarar da kashinsu a kan marfin tukunya da gefen buhun garin tuwo. Ka san daga Disamba zuwa wajen Afrilu ne lokacin zazzaɓin Lassa, kuma jiharmu tana sahun gaba tare da Ondo da Edo kusan kowace shekara. Cutar ba baƙuwa ba ce, a garin Lassa na jihar Borno aka fara gano ta a 1969, sunan ke nan ya bi ta. Wani irin ɓera ne mai nonuwa da yawa yake ɗauke da ita, shi ba ta yi masa komai, fitsarinsa da kashinsa ne ke gurɓata abinci. In an ƙone daji bayan girbi, ga sanyi ga ƙarancin abinci a waje, sai ya dawo gidaje. Mu kuma mun shanya masara da rogo a bakin kwalta, mun bar kwanon tuwo a buɗe ya kwana don ɗumame.

Na sa an toshe ramukan ɗakin da siminti, an ɗora buhuna a kan katako nesa da bango, garin tuwo kuma ya koma bokiti mai murfi. Na kai musu kyanwa daga gidana, ko da yake har yanzu barci ta fi yi. Babban yaronka kuwa na ja masa kunne, don na ji suna bin ƙunar daji da abokansa farautar gafiya da ɓeraye. Ka kira shi ka ƙara masa, maganarka ta fi tawa nauyi a wurinsa.

Abin da ke sa cutar nan kisa shi ne tana fara wa mutum kamar zazzaɓin cizon sauro: zafin jiki, ciwon kai, kasala, wani lokaci da ciwon maƙogwaro. Sai a yi ta zaryar kemis har mako ya wuce. Tana iya ɗaukar kwana 21 a jiki kafin ta nuna, kuma mai jinya na iya ɗauka ta jini ko amai ko fitsarin majiyyaci. Maganinta ya fi aiki in an fara da wuri, kuma cikin waɗanda suka tashi ma akwai masu rasa ji. Na gaya wa uwargida, duk wanda ya sha maganin zazzaɓi kwana biyu ko uku bai ji sauƙi ba, a kira ni ko da tsakar dare ne, mu wuce asibitin koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Sai maganar kasko. Inna tana shiga ɗaki da garwashi ta rufe ƙofa da taga, jikoki kuma a wurinta suke kwana. Hayaƙin da ke kashe mutum a barci ba shi da wari, ba a ganinsa. Na faɗa mata ta ɗumama ɗakin ta fitar da kaskon kafin a kwanta, ta ce tun kafin a haife ni take kwana da kasko. Na sayo mata bargo mai kauri da canjin da ya rage, da man kaɗe don fason ƙafar yara. Wannan yaƙin kai za ka ƙarasa shi, ni an riga an kore ni.

In za ka zo ƙarshen wata, ka taho mana da manja mai kyau, ni kuma masa da miyar taushe suna wuyana. Ka gaishe da 'yan Bauchin da ke can.

Naka amini,
daga Bauchi.